Dandamalin da Muka Kama a Bakin Teku

Chonan, watan Oktoba.

Zuwa ga yayata Bok-rye,

Yaya, ina miƙa miki gaisuwa da hannu biyu, gaisuwar ƙanwa ga wadda ta goya ta. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah ya sa gwiwar nan ta daina damunki, ya ba ki ƙarfin tsayuwar shago, ya tsare ku daga sharrin ƙasar da ba taku ba. Na san yanzu a Ajantina sanyi ya wuce, furanni sun fara fitowa. Mu nan shinkafa ta nuna a gonaki, safiya ta fara cizo. Mijina yana nan lafiya, ban da hawan jini da taurin kai. 'Yata So-dam da mijinta suna gaishe ki. Baba yana wurina, a ɗakin da ke kallon rana. Ranar bikin girbi da kika kira, kin ce muryata ta dishe, na ce miki mura ce. Ba mura ba ce, Yaya. Baba yana zaune kusa da ni a lokacin, kuma abin da ke bakina ba na waya ba ne. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ba zan yi miki kewaye-kewaye ba. Kabarin Inna babu shi, an baje shi. Ƙaninmu Chun-bae yana kwance da ɗinki a ƙauri. Du-man, ɗan babban wan Baba, haƙoransa na gaba sun zube, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, da tsinken roba yake shan kunu. Ni kuma ina rubuta miki da yatsa a kumbure, cizon mutum ne. Duk wannan ya taso ne daga neman wurin da za mu kafa tanti mu kwana, kuma zan faɗa miki yadda aka yi daga farko, don kada ki ji guntu-guntu a bakin wasu.

Kin san duk shekara kafin bikin girbi muna zuwa ƙauye yankan ciyawar kaburbura. Tun da gidanmu na can ya rushe, a wurin Du-man muke sauka, tunda shi ne babban jika, kuma tudun kakanni gaba ɗaya da sunansa yake. To bara matarsa ta nuna mana mun ishe ta. Ta dangwarar mana da abinci kamar ana ba kare, tana wanke kwanuka tana jifa da su, tana habaici wai mutanen birni sun iya zuwa da baki, ba su iya zuwa da hannu ba. Ni da na kai mata nama da kayan sawa na jikokinta. Na haɗiye saboda Baba, amma muna shiga mota na rantse ko a kan titi zan kwana ba zan ƙara shimfiɗa a gidanta ba. Chun-bae ya ce shi ma haka. Da bazara kuma Baba ya kwanta asibiti da ciwon huhu, ba wanda ya samu leƙa tudun. Shi ya sa bana muka ce mu yi abin da kowa ke yi yanzu, mu nemi wurin kafa tanti kusa da teku mu kwana, da safe mu hau mu yi aikinmu mu sauko ba tare da mun sha ruwan kowa ba. Ko waya ba mu yi wa Du-man ba.

Zaɓen wurin kaɗai sai da ya ci mini kwano. Na tara su a gidana wata Lahadi na dafa musu miyar kifi. Chun-bae, kin san ƙaninki, duk abin da aka ce kyauta ne ko duka ne zai miƙa baya. Ya ce mu kafa a kan yashi bayan inda jiragen masunta ke tsayawa, ba a biyan ko won ɗaya, ya jefa ƙugiya yana kurɓar giyar soju. Na ce masa araha ba ta ado. Ban ɗakin wurin nan ko akuya ba za ta shiga ba, ruwan teku in ya dawo yakan zo har gindin motoci, kuma tsoho mai neman shekara casa'in, wanda bai daɗe da tashi daga ciwon huhu ba, ba zai kwana a kan yashi mai laima ba. Ni na fi son na hukuma, wanda ke cikin itatuwa, amma shi sai an yi ƙuri'a, kuma an riga an cinye. Mijina ya buɗe baki ya ce me zai hana a kama ɗaki a otal, muka haɗu ni da Chun-bae muka ce masa ba a sa da shi ba, ba kakanninsa ba ne. Daga nan magana ta yi zafi. Chun-bae ya ce tun muna yara nake mulkinsa, na ce da na mulke shi da kyau da matarsa ba ta tattara kayanta ba. Ya daki tebur, miya ta kife a cinyar mijina, na ɗauki kwano na jefe shi, na kuskure, ya tarwatse a jikin firij. Baba yana zaune yana tauna, ko kai bai ɗaga ba, sai cewa ya yi in mun gama kashe juna a miƙo masa gishiri.

So-dam ce ta raba mu. Ta miƙo wayarta ta ce, “Mama, Kawu, don Allah ku bar fasa mana kaya, ga wuri na samo.” Sabo ne, bana aka buɗe shi, da wani suna na Turanci da bakina bai iya ba. An yanka gefen tudu hawa-hawa, kowane hawa an shimfiɗa dandamalin katako, don haka ba a kan ƙasa za a kwanta ba. Akwai ruwan zafi, ban ɗaki na kusa, mota tana kaiwa har gindin tanti, kuma tafiya kaɗan ce zuwa ƙauyenmu. Duk abin da nake nema wa Baba ga shi nan. Ta ce ta ga dandamalin da ke can sama shi ne ya fi kowane kallon teku, ta nuna mana hotonsa, ga tsibiran nan biyu rana tana faɗawa a tsakaninsu. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce nan ɗin ya kwanta masa, a kama. Chun-bae ya yi ta ƙunƙuni a kan tsada, amma tunda ba aljihunsa ba ne ya haƙura. So-dam ta kama da sunanta, kuma kin san sunan gidan ubanta take ɗauka, ba namu ba. Mai wurin bai san su wa ke zuwa ba, mu ma ba mu san wane ne mai wurin ba. Ni har yabon yarinyar na yi, na ce ita ce mai hankalin gidan.

Muka tashi da motoci biyu, da tanti da barguna da nama da kimcinmu na kabeji mai yaji, da giyar shinkafa da 'ya'yan itatuwa na kai wa kabari, da injin yankan ciyawa da lauje. Taswirar waya ba ta bi da mu ta cikin ƙauye ba. An fasa sabuwar hanya ta bakin teku, don haka ta ƙasa muka ɓullo, ta fuskar da ba mu taɓa hawa ba. Itatuwan duk an sare, jar ƙasa a tone, ga tantuna reras, yara suna guje-guje, hayaƙin gashin nama ya cika ko'ina. Wallahi ban gane wurin ba. Rana ta ɗan karkata muka isa dandamalinmu na can sama. Chun-bae ya sauke kaya ya ɗauko guduma zai fara kafa turaku, ni kuma na riƙe Baba na hawar da shi kan katakon don ya sha iska. Ya tsaya yana kallon tsibiran. Sai ya juya a hankali ya kalli bayansa. A bayan dandamalin an ja wata koriyar raga ta roba, a bayan ragar ga tudun kabari guda ɗaya, ga dutsen da muke jera abinci a kai an ture shi gefe. Guda ɗaya, Yaya, a inda muka saba ganin biyu. Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce, “Sun-rye, a kan uwarku muke tsaye.”

Na san abin da za ki ce, domin ke ma ba ki sani ba. Za ki ce ai wanda aka baje a ɓangaren miji yake, tudun Baba ne da ya tara wa kansa tun yana da rai, ba kowa a ciki. Haka al'ada ta ce, miji da mata gefe da gefe kowa da ɓangarensa, kuma haka duk wanda ya kalla zai ɗauka. Amma ranar da aka binne Inna kina Ajantina da tsohon ciki, Du-man kuma yana jirgin ruwa a wata duniya. Da aka haƙa ɓangaren mace, ruwa ne ya ɓulɓulo a ramin. Dattawa suka ce a kwashe a zuba gawayi a sa ta haka nan. Baba ya ce ina. Ya ce matar da ta ƙare rayuwarta a cikin taɓo har cinya tana tonon kaguwa da dodon koɗi don mu ci, ba za ta kwanta a ruwa ba bayan ta mutu. Aka yi ta hayaniya, aka ce ba a taɓa yi ba, abin kunya ne mace ta hau gurbin miji. Ya karɓi shebur da kansa ya haƙa nasa ɓangaren, busasshe, mai kallon tsibiran, ya kwantar da ita a can. Daga baya ya tara nasa tudun a wurin mai ruwa. Bai sa dutsen suna ba, ya ce sai ya kwanta a haɗa su a dutse ɗaya. Dattawan da suka gani duk sun mutu, shi kuma ba ya son zancen, mu ma muka bar shi. Ke da kika zo daga baya a tsakiya kika durƙusa, ba wanda ya ga dalilin gyara miki.

Muna tsaye haka sai ga mai wurin ya hauro a kan ƙaramin babur, da malafa da usur a wuya, yana washe baki zai yi wa baƙin dandamalin sama maraba. Du-man ne. Da ya gan mu fuskarsa ta zube, amma nan da nan ya tattaro ta. Ya ce ashe mu ne, me ya sa ba mu faɗa masa ba, ai da bai karɓi ko sisi ba. Sai ya bi idon Baba ya kalli ragar, ya hau zuba. Wai ƙauye ya mutu, samari sun gudu, tudu yana zaune ba ya haifar komai, shi ke biyan haraji shi kaɗai. Wai yana da niyyar faɗa mana, asibitin Baba ne ya hana. Har da alfahari ya nuna ragar, ya ce mu duba yadda ya killace kabarin Inna, ko ciyawa ɗaya bai bari an taɓa ba. Sannan ya ce, “Baffa, naka ne kawai na baje, wanda ba kowa a ciki. Ga ka nan da ranka kana cin shinkafa. In lokaci ya yi ni da kaina zan tara maka wanda ya fi shi.” Baba bai ɗaga murya ba. Ya nuna tudun da sandarsa ya ce, “Wancan da ka killace, iska ce a ciki. Matata a nan take.”

Chun-bae ya tako gaba da gudumar a hannunsa. Ni dai na ji ƙara kamar an fasa ƙwarya, na ga Du-man ya tafi da baya, jini da haƙora a kan sabon katako. Na ɗauka ya mutu. Ashe ƙarfin jirgin ruwa bai bar shi ba. Ya miƙe ya shaƙe wuyan Chun-bae, suka gangara daga kan dandamalin suka faɗa kan murhun mutanen da ke hawan ƙasa da mu. Garwashi ya watse, tantin bayin Allah ya kama, uwar ta suri jaririnta tana ihu, mijin yana dukan wutar da bargo. Su kuwa suna birgima a cikin toka, Du-man yana buga kan Chun-bae da ƙasa, Chun-bae yana cusa masa yatsu a ido. Mijina ya shiga rabo ya sha gwiwar hannu, tabaransa ya karye a kan hancinsa, ya koma gefe ya zauna yana laluben ƙasa. Sai ga matar Du-man ta taho a guje da kaskon ƙarfe na gashin nama, ta sauke wa Chun-bae a ƙeya. Daga nan ban san lokacin da na diro ba. Na damƙi gashinta da hannu biyu na kai ta ƙasa, na hau ruwan cikinta. Ta kama yatsana ta gartsa har ƙashi, ban saki ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya, kowane mari da na yi mata na ji daɗinsa, na bara da na bana duk na biya ta. Tana cewa mu mabarata ne masu zuwa sau ɗaya a shekara, ina ce mata mai sayar da ƙasusuwan surukai, har bakina ya cika da ƙasa.

Ina cikin haka na ji ƙugin inji. Chun-bae ya ƙwace, jini yana bin wuyansa, ya ja igiyar injin yankan ciyawa ya tayar. Mutane suka watse, wasu suka bar takalmansu. Ya hau kan dandamalin yana yankan katako, yana yankan igiyoyi, ya tsarge ragar nan gida biyu, yana kuka kamar yaro yana kiran Inna. So-dam tana roƙonsa ya kashe, ba ya ji. Ya kai sara wuƙar injin ta daki dutsen jera abinci, ta karye, guntun ya dawo ya shige masa ƙauri. Ya zube a wurin, injin yana ta tsalle a ƙasa shi kaɗai har mijin So-dam ya taka ya kashe. Na ɗauka an gama. Sai na ga Baba ya sauko daga kan katakon ba tare da kowa ya riƙe shi ba. Du-man yana rarrafe yana tofar da jini. Baba, wanda ko kare bai taɓa duka a gabanmu ba, ya ɗaga sandarsa ya sauke masa a gadon baya. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa. Kowane bugu tambaya ɗaya yake yi, ina kuka kai ta, ina kuka kai ta, har sandar ta karye a hannunsa. Ba wanda ya iya matsawa kusa. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, kuma har yau in na rufe ido shi nake gani. A haka 'yan sanda da motar asibiti suka same mu.

Washegari aka nemo mai katafilar da ya yi aikin, wani bawan Allah daga wani gari, bai san mu ba. Ya ce da ya yanki tudun ya ci karo da farar ƙasa mai tauri, ya ga wasu tsummoki na likkafani a bakin cokalin katafilar. Ya kashe mota ya kira Du-man ya nuna masa. Du-man ya ce ɓangaren miji ne, mai shi yana birni da ransa, ya ci gaba da aiki kafin ruwan sama ya zo. Kin san a wajenmu ba a sa mutum a ƙasa da akwati, fitar da shi ake yi a kwantar da shi da likkafani kawai, don haka babu katakon da zai yi ƙara ya tsayar da kowa. Muka tambaye shi ina ya kai ƙasar. Ya sunkuyar da kai ya ce ƙasa ce mai kyau, ja, busasshiya, da ita aka cike hawa na ƙasa, da ita aka daidaita hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Wato duk damina da bazarar nan mutane suna hawa suna sauka da silifas a kan Inna. Du-man ya rubuta a takarda, tunda baki ba ya buɗuwa, wai bai sani ba. Na yarda bai sani ba da farko, al'ada ce ta yaudare shi. Amma daga lokacin da aka nuna masa tsumman nan ya sani, rufe ido ya yi, kuma ba zan yafe masa wannan ba ko a bakin kabarina.

'Yan sanda suka ce laifi biyu ne, tona kabari da fasa bakin mutum, in an shiga kotu kowa zai ji a jikinsa. Sauran tsofaffin ƙauye suka shiga tsakani, suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce musu ni nawa ya ruɓe kuma ina da wuƙa. Amma saboda Chun-bae na yi shiru, aka janye ƙara daga kowane ɓangare, da sharaɗin a rufe wurin a ɗaga dandamalan a bar mu mu nema. Don haka dai mun yi zaman tantin da muka je yi, fiye da mako guda, ruwan zafi da ban ɗaki na kusa duk mun mora. Muka ari rariyar magina, na kawo tawa ta kicin, muka ɗauko wani dattijo mai sana'ar tono mamata a sake musu kabari don ya riƙa tantancewa. Tun safe har rana ta faɗi muna tankaɗe jar ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke fitowa a rariyar, murafen kwalba, gawayi, guntun sigari, da ƙasusuwan naman da baƙi suka gasa suka jefar. Kowane ƙashi sai mun kai wa dattijon ya juya shi ya ce wannan na kaza ne, wannan na dabba ne. So-dam ta bar aikinta ta zo tana tono da hannu har farcenta suka fashe. Na ce mata ko ba ta zaɓi wurin ba da safe za mu hau mu gani, ta ce amma da ba a kan katakon za ta tsayar da kakanta ba, tana murna ta samo masa kallon teku.

Abin da muka samu bai cika tafin hannu biyu ba. 'Yan ƙasusuwan yatsu, wani guntu da dattijon ya ce na haƙarƙari ne, da ɓarin muƙamuƙi mai haƙorin azurfar nan da aka sa mata shekarar da kika yi aure. Da shi muka tabbatar. Chun-bae ya zo a kan sandunan asibiti, ya ga haƙorin ya faɗi ya yi ta buga goshinsa da ƙasa. Baba bai yi kuka ba. Ya karɓa, ya goge kowane ɗaya da gefen rigarsa, ya naɗe su a farar takarda, ya cusa a cikin rigarsa ta ciki daidai ƙirji. Dattijon ya riga ya zaɓi sabon wuri can sama kusa da kakanni, busasshe, an haƙa, an kawo farar ƙasa, mun jera abinci. Muka ce Baba ya kawo a sa. Ya dafe ƙirjinsa ya ce, “Wancan karon na ba ƙasa ita na tafi birni. Ba zan sake ba kowa ba sai Bok-rye. Ita ce ba ta zuba wa uwarta ƙasa ba.” Na roƙe shi, Chun-bae ya durƙusa da ƙafarsa mai ɗinki, dattijon ya ce ba kyau mai rai ya riƙa kwana da ƙashin mamaci. Ko kallonmu bai yi ba. Muka rufe ramin da leda muka danne da duwatsu muka dawo gida.

Yau ga shi nan a ɗakin da ke kallon rana, da ƙunshin a ƙirjinsa. Da shi yake kwana. Wanka sai na yi da gaske, kuma ko a ban ɗaki hannu ɗaya ne nawa, ɗayan yana riƙe da takardar a sama kada ruwa ya taɓa. In na kai masa abinci ya ɗebi cokali ya ajiye a gefen kwano, wai nata ne, ya ci cokali biyu ko uku ya ture. Wani lokaci ina jin sa ta bayan ƙofa yana ba ta haƙuri. Wandonsa ya fara zamewa, na ƙara huda a bel ɗinsa, na sake ƙarawa. Likita ya ce huhun lafiya, jikin ne ba ya samun abin da zai riƙe. Na yi faɗa, na yi lallashi, na dafa duk abin da Inna take dafa masa, a banza. Kullum da safe tambayarsa ɗaya ce, ko na faɗa miki.

To yanzu na faɗa miki. Na san nisan, na san shago ba ya son a rufe shi, na san gwiwarki da zaman jirgi. Da akwai wata dabara da ban ɗora miki wannan ba. Amma in watan Disamba ya kama ƙasar tudun za ta daskare, ba a iya rufe kabari sai bazara, kuma a yadda nake ganin Baba ba na jin zai kai bazara. Ina tsoron in ba ki zo ba yunwa za ta tafi da shi. Ina kuma tsoron ranar da ya miƙa miki ƙunshin nan ba shi da sauran abin riƙewa a duniya. Duk biyun suna hana ni barci, kuma ban san wanda ya fi ba. Amma ki zo, Yaya. Ki zo ki karɓi Inna daga hannunsa ki sa ta a ƙasa da hannunki, ko ya samu ya ci abinci.

Ki gaishe mini da maigidanki Yaya Pan-su, ki ce masa ya yi haƙuri ya riƙe shagon shi kaɗai na ɗan lokaci. Ki gaida Hye-rim da mijinta, da Dong-uk, da 'yar jikata Lusiya wadda har yanzu a hoto kawai na san ta. Mijina yana gaishe ki da sabon tabarau. Chun-bae ya ce in ce miki ki yafe masa, ban san me zai sa ki yafe ba, da gudumar a hannuna take da ban tsaya a ɗaya ba. So-dam har yanzu kanta take zargi, in kin zo ki rungume ta, ke za ta fi ji. Allah ya kawo ki lafiya, ya sa ki same shi. Ki taho da riga mai kauri, da takalmin da ba kya jin asararsa, domin jar ƙasar nan ba ta fita.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Sun-rye